Mutumin da Ke Gyara Saƙo a Baranda

A kamfanin da ake ƙera kujeru da teburan makaranta akwai wata doguwar baranda, kuma duk wanda ya taɓa aiki a wurin ya san mutumin da ya fi kowa taka ta. Sannu-Sannu ake ce masa. Sunansa na gaskiya yana nan a katin da yake ratayawa a wuya, sai dai katin ya koɗe, shi kansa ma sai an kira sunan an maimaita yake waiwayowa. Siriri ne, da furfura a gefen kunnuwa, da takalman roba da ba sa ƙara. Aikin da aka ɗauke shi a kai shi ne tsara fitar motoci: wace mota za ta kwashi kujeru, zuwa wace makaranta, da wane direba. Teburinsa yana tsakiyar barandar, a wani ɗan lungu da aka kewaye da katako. Ta damansa ofishin karɓar oda, ta hagunsa can ƙurya ofishin sito.

Laƙabin daga tafiyarsa ya samo asali. Barandar nan mai sauri zai ƙure ta kafin ya gama amsa gaisuwa, amma shi sai ya yi ta jan ƙafa. Ya tsaya ya gyara hoton da ya karkace a bango, ya leƙa tagar da ke kallon rumfar kafintoci, leɓɓansa na motsi. Sababbin ma'aikata sukan ɗauka ciwon gwiwa ne, wasu su ce addu'a yake yi. Ba ko ɗaya. Aiki yake yi a lokacin, kuma aikin da ya fi tsara motoci wuya.

Ofishin oda yana hannun wata mace da kowa ke kira Uwar Oda, mai kaifin kai da kaifin harshe, tabarau a ƙarshen hanci, waya a kowane hannu. Sito kuwa yana hannun wani ƙato da ake kira Mai Sito, wanda ake jin ƙarar makullan ƙugunsa kafin a gan shi. Ita ke yi wa makarantu alkawari, shi ke fitar da kaya. Ba wanda zai iya rabin yini ba tare da ɗan'uwansa ba, amma shekaru sun shuɗe ba sa ga maciji da juna. Akwai wayar tebur da ta haɗa ofisoshin biyu. Ita ta zare tata daga bango, shi kuma ya ɗora kwalin ƙusoshi a kan tasa. Duk abin da ya taso, Sannu-Sannu ake kira.

Uwar Oda za ta ajiye waya ta ce, "Je ka gaya wa wancan malalacin, makarantar nan ta kira ni har na gaji da ƙarya. In kujerun ba su fita yau ba, ya zo ya ɗauki wayar da kansa, ya ɗanɗana zagin da nake sha."

Sannu-Sannu zai ce, "To, Hajiya," ya kama hanya. Kafin ya isa ƙurya, ga abin da ke fitowa daga bakinsa:

"Hajiya na gaishe ka. Ta ce ta san aiki ya yi maka yawa, ta kuma san ba ka yarda kujera ta fita fenti bai bushe ba. Sai dai makarantar nan ta matsa mata. In da hali, a taimake ta yau."

Mai Sito zai yi tsaki ya ce, "Ita ta yi alkawari da baki, mu kuma mu cika da gadon baya. Ka ce mata in ta matsu ta zo ta ɗauka a ka."

Uwar Oda kuma abin da za ta ji shi ne, "Ya ce ki kwantar da hankalinki, kafin a tashi za su fita." Daga nan sai Sannu-Sannu ya naɗe hannun riga, ya je ya lallaɓi masu lodi, ya ba direba haƙuri, wani lokacin ya ɗauki kujeru da kansa, don kada maganar da ya ɗora a bakin wani ta faɗi ƙasa.

Wannan sana'a ba a kamfanin ya koye ta ba. Tun yana ƙarami ya iya ta. Mahaifinsa tela ne mai saurin fushi, mahaifiyarsa kuwa ba ta barin magana ta kwana a cikinta, kuma in sun ɓata ba sa yi da juna, sai ta bakin ɗansu na tsakiya. "Gaya wa ubanka abinci ya huce, in ya ga dama ya ci, in bai ga dama ba kaji na so." Ranar da ya fara kai saƙo yadda aka ba shi, uban ya fice da yunwa, uwar kuma ta murɗe masa kunne kamar shi ya ƙirƙira. Da aka sake aikensa sai ya ce kawai, "Baba, an ce ka zo ka ci tun da sauran ɗumi." Uban ya tashi ya ci, har ya nemi ƙari.

Abin ya ba yaron mamaki ƙwarai, kuma mamakin bai sake shi ba har ya yi furfura. Me ke cikin magana da ke sa mutum ya ƙi abincin da yake jin yunwarsa? Ya yi ta lura, har ya gano cewa zafin yawanci a farko yake da ƙarshe, buƙatar kuwa tana tsakiya, 'yar ƙarama, ba ta cizo. In ka yanke kai da jela ka miƙa tsakiyar, mutum zai karɓa har da godiya. Iyayensa sun tsufa a gida ɗaya, sun rasu maƙwabta na yabon zamansu. Wannan ya ishe shi hujja. Bai taɓa kiran abin da yake yi ƙarya ba. Gyara yake ce masa, yadda kafinta ba ya sakin kujera sai ya goge kaifinta, kada ta yagi rigar yaro.

Abu ɗaya ne ya gagare shi a kamfanin: sanin mafarin rigimar. Ya tarar da ita ne da tsufanta. Ya bi ta da dabara, don shi mutum ne da tambaya ba ta barinsa ya zauna lafiya. Uwar Oda ta ce a kan fanka ne. An sayo wa ofishinta sabuwa, ta tafi hutun haihuwa, ta dawo ta tarar da ita tana juyawa a kan Mai Sito. Mai Sito ya ce shi bai ma san da wata fanka ba, gaisuwa ya yi mata a gaban baƙi ta dube shi ta ɗauke kai. Wani tsohon kafinta kuma ya ce duk ba haka ba ne, a kan inuwar bishiyar da ake ajiye mota ne. Sannu-Sannu ya yi ta jujjuya labaran uku, ya ga kowanne zai iya zama gaskiya, kuma ba ɗaya a cikinsu da ya kai a ɓata hantsi guda a kansa.

Amma rigimar ta yi 'ya'ya. Matan ofishin oda ba sa zama inda 'yan sito suke, 'yan sito kuma in sun hango su sai su fara tari. Butar shayi ma biyu ce a ɗan ɗakin shan ruwa, kowace an ɗaura mata ƙyalle a hannu don kada a yi kuskure. Yarinyar da aka ɗauka aiki jiya-jiya, ba ta san fanka ba, ba ta san bishiya ba, amma ta san butar da ba a taɓawa.

Da Sannu-Sannu ya tsaya a yanke kai da jela, da labarin bai kai a ba da shi ba. Sai dai mai gyara ba ya sanin ranar da ya fara ƙari. Lokacin da mahaifiyar Mai Sito ta rasu, ya je ya gaya wa Uwar Oda. Ta ce, "Allah ya jiƙanta. Wa ya bar wa makullin?" Da Mai Sito ya dawo aiki, ido ya faɗa, wuya ya zurma, Sannu-Sannu ya dube shi ya ji ba zai iya zuwa hannu rabbana ba. Ya zauna a kan wani kwali ya ce, "Hajiya ta ce a yi maka gaisuwa. Ta ce rashin uwa ba ya duba furfurar mutum, ko jika gare ka sai ka ji ka koma yaro. Ta ce ka yi kukanka, ba wanda zai ga gazawarka." Ƙaton nan ya juya fuska wajen bango, kafaɗunsa na rawa.

Daga baya ɗan Uwar Oda na fari ya kwanta asibiti, ya daɗe. Tana zuwa aiki da idanu jajaye, wayar da take jira ba ta makarantu ba ce. Mai Sito bai ko tambayi jikin yaron ba. Abin da ya dame shi a makonnin nan, wani fenti ne da aka kawo masa mai ruwa. Amma kowace safiya Sannu-Sannu sai ya tsaya a ƙofarta ya ce, "Mai Sito ya ce yaya mai jiki?" Ita kuma ta ce, "Ka ce masa da sauƙi." Ba ta taɓa ƙara komai a kai ba, shi ma bai taɓa kai amsar ko'ina ba.

Ta haka kowannensu ya zauna da tabbacin cewa ɗayan ya daɗe da sauka. Mai Sito yakan ce, "Matar nan fa tana da kirki, Sannu-Sannu. Ni ne dai ban sake mata fuska ba tukuna." Uwar Oda kuwa takan ce, "Bawan Allahn nan ya daɗe yana neman shiri. Bar shi dai ya ƙara laushi." Sannu-Sannu sai ya gyaɗa kai a nan, ya gyaɗa a can, yana jin daɗi har cikin ransa. Yana son mutanen nan biyu. Shi kaɗai ne a kamfanin yake shan shayi daga kowace buta.

Ana nan sai aka kawo sabuwar manaja, mace mai saurin tafiya da saurin yanke magana. Ta yi 'yan kwanaki tana kallon barandar, sannan ta tara kowa a rumfar kafintoci. Ta ce ta yi aiki a wurare da yawa, amma ba ta taɓa ganin mutum biyu da ke yabon juna a bayan ido suna ƙin gaisawa a gaban ido ba. Ta ce matsalar bango ce. Za a rushe bangayen da ke tsakanin ofisoshin, a mai da su babban ɗaki guda, teburin oda ya kalli teburin sito, kowa ya faɗi abin da ke bakinsa ga wanda ya dace. Ta juyo ta yi wa Sannu-Sannu murmushi.

"Kai ma, Baba, ka huta da sintiri. Ƙafafun nan sun yi wa kamfani hidima."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Amma tun a tsaye yake jin yadda za ta kaya. Mai Sito zai gyara murya ya ce, "To, tunda kin daɗe kina ba ni haƙuri, na haƙura." Ita kuma ta sauke tabarau ta ce, "Ni? Yaushe?" Daga nan sai a fara warwarewa, saƙo bayan saƙo, har a iso kan gaisuwar rasuwa da ta asibiti. Ba korar aiki yake tsoro ba. Tsoronsa shi ne mutanen nan biyu su dube shi su ga maƙaryaci, ya rasa su rana ɗaya.

Ranar hutu da safe ya gaya wa matarsa, tana gugar kayan yara. Malamar makaranta ce, ta saba da masu kawo mata labari rabi. Ta saurare shi har ya gama, ta juya riga, ta ce, "Malam, ai kai ka shagwaɓa su. Ka yi shekaru kana tauna musu magana kana ba su a baki, yaushe za su yi haƙora?"

"To da ban tauna ba, da tuni sun cinye juna."

"Ko kuma da sun yi faɗansu sun gaji sun shirya, kamar kowa. Wa ya sani? Ba ka bari an gani ba." Ta ajiye dutsen guga. "Kafin a rushe bangon nan, ka fara kai musu yadda aka ba ka. Kaɗan-kaɗan, su saba."

Shawarar ta yi masa ɗaci, amma bai ga wata ba. Da aka koma aiki, Uwar Oda ta aike shi da irin saƙon da ta saba. Ya isa sito, ya ce, "Ta ce kai malalaci ne, kuma in teburan nan ba su fita ba za ta kai ƙararka wajen Manaja."

Mai Sito ya ajiye abin da ke hannunsa ya ƙura masa ido. Sannu-Sannu ya jira tsawa. Sai ƙaton ya girgiza kai a hankali.

"Mutumina, wannan ba maganar Hajiya ba ce. Na san maganarta, shekaru ina jin ta. Me na yi maka kake so ka haɗa mu?"

"Wallahi haka ta faɗa."

"Kada ka rantse. Ka tsufa da mutuncinka."

Ya koma ɗaya ɓangaren, ya gwada can ma. Ya ce Mai Sito ya ce ita ba ta iya komai ba sai ɗaga waya da alkawarin banza, wanda kuwa ya faɗa, ba sau ɗaya ba. Uwar Oda ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "Mutumin da ya yi ta tambayar ɗana kullum safiya ne zai ce haka? Sannu-Sannu, ka ji tsoron Allah." Ko dai ta manta cewa da bakinta ta ce malalaci ɗazu-ɗazu, ko kuma ta ɗauka ai ba a kai irin wannan.

Wannan abu bai taɓa zuwa masa a rai ba. Ya yi ta mamaki a teburinsa: ya yi shekaru yana ƙari ba wanda ya tuhume shi, ya faɗi gaskiya yini ɗaya ya zama maƙaryaci. Kafin mako ya fita zancen ya zaga kamfanin. Wai Sannu-Sannu ya ga za a rushe barandarsa, shi ya sa yake hura wuta, don a ci gaba da buƙatarsa. Matan oda suka daina ajiye masa kofi, 'yan sito suka fara yi masa irin tarin nan nasu. Manaja ta kira shi ta ce ta ji abin da ba ta so, kuma tana fata ba gaskiya ba ne. Ya ce, "Ranki ya daɗe, za a gyara," ya fito. Abin ya yi masa ciwo sosai, ya kuma daina kai saƙon kowa, ɗanye ko gyararre.

Magina suka zo suka lulluɓe tebura da leda, suka yi ta bugu. Da suka kwashe tarkacensu sai ga ɗaki fetal, haske ta tagogi ko'ina, da alamar inda bangaye suka tsaya a ƙasa, don simintin wurin ya fi sauran sabunta. Aka sa teburin Uwar Oda yana kallon na Mai Sito. Na Sannu-Sannu aka matsa da shi gefen ƙofa, inda yake ganin motoci, yake kuma jin komai.

Kwanakin farko ba a jin komai sai ƙarar waya da ta makullai. Kowa ya sunkuyar da kai, kunne a tsaye. Sai wata safiya wata makaranta ta matsa, Uwar Oda ta ajiye waya, ta waiwaya wajen ƙofa bisa sabo, ta tuna, ta dawo da kanta. Ta gyara tabarau ta yi gyaran murya.

"Malam, na san aiki ya yi maka yawa. Sai dai mutanen nan sun matsa mini. In da hali, a taimake ni yau."

Mai Sito ya miƙe tsaye har kujerarsa ta kusa faɗuwa. "Ki kwantar da hankalinki, Hajiya. Kafin a tashi za su fita."

Sannu-Sannu ya riƙe biro a iska. Kalmominsa ne, ba ragi ba ƙari. Kowannensu yana ƙoƙarin kamo ladabin da ya ɗauka ɗayan ke da shi, kada a ce shi ne marar tarbiyya. Harshen ya yi musu nauyi, kana gani ka san aro ne, amma kujerun sun fita. Ya yi ta kallonsu a kwanakin da suka biyo baya, yana son ya ga ranar da aron zai ƙare. Wani lokaci takan fara da zafi ta lanƙwasa a tsakiya, shi kuma ya buɗe baki da tsaki ya mai da shi tari. Ƙananan ma'aikata da suka ga manyansu na gaisawa, su ma suka fara aron biro da caja a tsakaninsu. Duk wannan ana yi ba mai kallon gefen ƙofa.

Sai ranar da Mai Sito ya tsaya a gaban teburinta, yana murza makullai, ya ce, "Hajiya, akwai bashin godiya a kaina. Gaisuwar da kika aiko lokacin rasuwar tsohuwa. Ban taɓa gode miki da bakina ba. Maganar nan ta riƙe ni."

Uwar Oda ta dube shi. "Allah ya jiƙanta," ta ce. Da ya juya, sai ta ɗaga kai ta dubi gefen ƙofa, ta daɗe tana dubawa.

Da aka tashi ta sami Sannu-Sannu a wajen motoci yana duba tayar wata babbar mota da ba abin da ya same ta. Ta tsaya da jakarta a hannu.

"Ban aika gaisuwar nan ba."

"Ba ki aika ba, Hajiya."

"Malalaci kuwa na faɗa. Na zauna na tuna." Ta sauke tabarau ta riƙe. "To, ina da tambaya ɗaya, kuma kada ka gyara mini amsar. Da yarona yake kwance, ya tambaya?"

Sannu-Sannu ya ji harshensa ya riga ya fara neman hanya mai taushi, don hanyoyin suna da yawa kuma ya san su duka. Ya danne shi.

"Bai tambaya ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

Ta kalli ƙasa. "Ka san a lokacin nan, in na taho da safe, gaisuwar nan nake jira? Ina cewa a raina, har wanda ba ya yi da ni ya damu, to Allah ba zai bar ni ba." Ta mai da tabarau ido. "Ban san ko in gode maka ko in zage ka ba. Zan yi tunani. Amma nawa na ji, na haɗiye. Nasa kuwa ba ni zan kai masa ba, kuma kai ba ka da wanda za ka aika."

Mai Sito yana cikin sito yana rufe tagogi, tsakanin kujerun da aka jibga har rufi, wuri duk warin fenti da katako. Tun ranar da ya ce wa Sannu-Sannu kada ya rantse, bai sake kiransa mutumina ba. Da ya ji motsi bai juyo ba.

"Me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba. Ba wanda ya aiko ni."

Sai a lokacin ya juyo, don bai taɓa jin wannan daga bakin Sannu-Sannu ba. Shi kansa Sannu-Sannu ya ji maganar baƙuwa a bakinsa. Ya tsaya ya faɗi abin yadda yake, bai yanke kai ba, bai yanke jela ba. Ya faɗi abin da take aikowa da abin da yake isarwa. Mai Sito ya jawo wata 'yar kujerar yara ya zauna a kai, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa.

"Gaisuwar tsohuwa ma?"

"Ita ma. Cewa ta yi Allah ya jiƙanta, sannan ta tambayi makulli."

Ƙaton ya saki wata 'yar dariya marar daɗi. "Wannan kam ita ce." Ya dubi hannuwansa. "Na daɗe ina sa matar nan a addu'a saboda maganar nan. Cewa mutum ko da jika yana komawa yaro. A ina ka samo ta?"

"Haka na ji lokacin da tawa ta rasu."

"Taka ce ke nan."

"Tawa ce."

"To me ya hana ka faɗa mini da sunanka? Kana zaune a gabana, ina kuka a gabanka. Me ya sa sai ka ba wata?"

Sannu-Sannu da ya ƙare rayuwarsa yana binciken dalilan mutane, wannan bai taɓa tambayar kansa ba. Ya laluba ya rasa ranar da ya taɓa zuwa wajen wani da maganar da ba ta da mai aikowa. A kullum gani yake tasa ba ta da nauyin da za a karɓa, sai ya rataya mata sunan wani. Kunya ta kama shi, da wani baƙin ciki da bai san yana ɗauke da shi ba.

"Ban sani ba," ya ce.

Mai Sito ya miƙe da ƙyar daga kujerar yaran, ya zaro makullin ƙofa daga ƙugunsa. Fuskarsa ba ta sake ba.

"Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba. Ka mai da ni abin dariya a gaban matar nan yau. Fita, zan rufe." Ya jira har Sannu-Sannu ya kai bakin ƙofa, sannan ya ce, "Gobe da safe, kafin kowa ya zo, ka same ni a nan. Ba ka yi mini gaisuwar uwata ba har yau. Ka zo ka yi."